Babur ɗin da Na Turo Gida

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Na samu aikin kai saƙo gida-gida, amma sai mai babur suke ɗauka, shi ya sa na sayi na hannu wajen wani tsohon bakanike. Duk abin da ka saba dubawa na duba: hayaƙin salansa, sarƙa, da ƙasan inji ko yana ɗigar mai. Har tsohon ya ce, "Ashe gwani ne! To, hau ka zaga mu gani." Yaya, kunya ta hana ni cewa ban taɓa tuƙi ba, kallonka kawai nake yi a gareji. Na ce masa ƙarar injin kaɗai ta ishe ni shaida. Turo shi na yi har gida, tafiyar awa biyu.

Yanzu kullum da safe ina koyo a wani fili. Sau uku na faɗi, amma 'yar ƙujewa ce a gwiwa, kada Inna ta ji. Ranar Litinin zan fara aiki. Don Allah ka yi mini bayanin yadda ake sakin kuloci ba tare da babur ɗin ya zabura ba.

Ka tuna lokacin da kake koya mini keke, kana riƙe da bayan sirdi, kana cewa kada in waiwaya? Faɗuwar nan uku, duk waiwaye ne ya jawo su. Na san ba ka bayana, amma wuyana bai sani ba tukuna.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka