Inda Fensirinsa Ya Tsaya

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya yara? Ni nan lafiya lau, sai kewar gida.

Maigidana ya ba ni tsohuwar na'urar gwada kwalaben gilashin cikin rediyo in gyara. Na nemi zanen wayoyinta na rasa, sai wanda mai gyaran da na gada ya fara da fensir. Zanen ya tsaya kan wata jar waya. Na tambaya, maigida ya ce, "Nan ya taɓa. Na'urar a cire take daga lantarki, amma wutar da ta kwanta ciki ta kashe shi."

Sau uku ina sauke wutar, allurar ma'aunin wuta tana sake tashi da kanta. Gobe zan kai kan wayar. Kada ka gaya wa Inna dalili, ka ce dai ta yi mini addu'a.

Ƙaninka