Ganyen da Tsutsa Ta Ci

Zuwa ga hasken idona, sanyin inuwata, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, Malamata wadda babu irinta a cikin aji ko a wajensa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da yaranki.

Na samu takardar godiya. Kai, madalla da wannan takarda! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa riƙe mai kyanta ba: fara tas, mai kauri, hatimin makaranta a sama, sa hannunki a ƙasa, wannan sa hannun da yake lanƙwasa kamar reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi. Layi biyu kacal. Kwamitin lambu yana godiya da gudummawata, kuma ba a buƙatar ƙarin taimako daga gare ni. Dubi iya magana! Shekara goma sha biyar ina kasuwa, na ga an kori mutum da tsawa, na ga an kore shi da tsintsiya, amma kora da godiya, wannan sai a wurinki na fara gani. Har tukunyar ɗoɗɗoyar da na ba ki kin haɗo min da ita, kuma sai da kika ba ta ruwa kafin ki aiko. Na sa yatsa a ƙasar na ji danshi. Danshin nan shi ya gama da ni, Malama. Da kin bar ta ta bushe, da na ce fushi ne, fushi kuwa yakan huce.

Kin tuna ranar da kika fara zuwa rumfata? Ina zaune a ƙarshen layin masu tukwane, cikin dashena, ina kora ƙuda, sai ga ki kamar farin wata ya yi kuskuren hanya ya biyo ta kasuwa. Na miƙe na fara abin da na iya. Na nuna miki furanni ja, na nuna miki masu ruwan ƙwai, na rantse miki cewa irinsu sai gidan manya. Ko kallonsu ba ki yi ba. Sai kika rufe ido, kika bi tukwanen da hannu ɗaya bayan ɗaya, kina shafa ganye, kina murzawa, kina kai wa hanci. Kika ce ke malama ce a makarantar yara masu buƙata ta musamman, ajinki na makafi ne, kuna son yin lambun da yaro zai gani da tafin hannunsa, da hancinsa, da kunnensa, wanda kuma mai keken guragu zai shiga ya zaga ya fito ba tare da an ɗauke shi ba. Kika ƙi duk wani mai ƙaya. Kika zaɓi na'a-na'a, da ɗoɗɗoya, da dashen lemo shida. Ni da nake sayar wa mutum abin da bai zo nema ba, ranar ni aka saye, kuma ko tayi ba a yi ba.

Asabar ta zagayo na rufe rumfa, ranar da ta fi kowace ciniki, na bi sahun masu aikin sa kai. Maƙwabtana suka ce an yi min asiri. Ni kuwa ina can bayan ajujuwa ina tura baro, ina haɗa gumi da iyayen yara. Na ga kafintan nan naku, mutumin da ba ya haɗa kalma uku a rana, ya zauna a keken guragu yana auna tsayin akwatunan shuka da gwiwarsa, don kada yaro ya yi ta miƙa hannu bai kai ba. Na ga an shimfiɗa hanya mai faɗi, wani wuri santsi, wani wuri tsakuwa, don ƙafa ta san inda take. Na ga an ja igiya daga ƙofa har ƙarshe, an rataye guntayen gora suna ƙwanƙwasa juna in iska ta taso, an ajiye kasko da ruwa saboda tsuntsaye. Da kika sa aka tara ruɓaɓɓun itatuwa a kusurwa wai gidan ƙwari da ƙadangaru, na yi dariya har na riƙe ciki, na ce a garinmu wannan shara ake ce masa. Kika harare ni. Wayyo wannan harara! Da za a dasa ta a tukunya, da ban sayar ba ko an haɗa min da kasuwar gaba ɗaya.

Sai ranar ɗaure ido. Kika ce duk wanda ya yi aiki a lambun sai ya bi shi kamar yadda masu shi za su bi. Kika ɗaure min ido da ƙyalle, ni kuma, halin ɗan kasuwa, na ɗaga haɓa ina leƙe ta ƙasa. Kika kama ni nan take, kika ce ko yaranki 'yan shekara shida sun fi ni amana. Kika ƙara ɗaurewa tamau. To, a nan ne na fara jin duniya. Na ji gora tana magana, na ji fukafuki a bakin kasko, na ji takunki a gefena a kan tsakuwa, a hankali, kamar yayyafi a kan ganye. Kika tsinko ganyen lemo kika murza a tafina kika ce in shaƙa. Ya ke kurciyar zuciyata, har yau in na kai hannun nan hanci, ranar nake ji. Na wanke shi sau dubu, bai fita ba, ban kuma so ya fita.

Yanzu bari in zo kan laifina, don ban rubuto in yi miki kwana-kwana ba.

Tun ranar farko kin faɗa, a gaban kowa, da bakinki mai daɗi: ba a feshin maganin ƙwari a lambun nan, ko ɗigo. Na ji. Ba zan ce hankalina yana kan fuskarki ba, ko da yake yana can. Na ji sarai. Amma ki fahimci inda na tashi. A wurinmu, in mutum ya ce wannan ne farashin ƙarshe, to akwai biyu a bayansa. In ya ce wallahi ba zai saya ba, yana nufin a biyo shi da kaya. Ban taɓa zama da mutumin da a'a ɗinsa a'a ce ba sai ke. Na ɗauka irin maganar da ake yi ce don taro ya ji.

Sannan ga lemona. Ni na rene su tun suna ƙwaya. Ana saura sati ɗaya a buɗe lambun, baƙi za su zo, na duba na ga ganyen duk huji, wasu saura jijiya, tsutsotsi koraye ɓul-ɓul sun baje a kai suna ci kamar gadon ubansu. A sana'ata ganye mai huji abin kunya ne, shi ake juyawa baya in mai saye ya tunkaro. Na ce ina! Ba za a zo a ga lambun Malamata kamar an yi masa ɓarin wuta ba. Na yi sammako ranar Juma'a kafin a buɗe ajujuwa, na goyo tulun feshina, mai gadi ya buɗe min yana min sannu da ƙoƙari. Na feshe lemo. Da na ga maganin ya ragu, na ce kada ya lalace, na bi na'a-na'a da ɗoɗɗoya, har gidan ƙwarin nan na kusurwa na yi masa wanka. Sannan na share gawarwakin tas, na wanke hannu, na tsaya a bakin hanya ina gyara wuyan riga, ina jiran yabo.

Ban san kin yi sati uku kina kawo yara wurin tsutsotsin nan kowace safiya ba. Ban san yarinyar nan da kuke kira Sarkin Tambaya ta ƙirga su goma sha ɗaya ba, ta san babba da ƙarama da yatsa, ta san in an taɓa su sukan fito da ɗan ƙaho mai wari, tana dariya tana cewa sun yi fushi. Ban san kin yi mata alkawari cewa in ta yi haƙuri za su zama malam-buɗe-littafi, za ki ɗora mata ɗaya a bayan hannu ta ji yadda fiffike yake motsi, ita da ba ta taɓa ganin abu ya tashi sama ba. Ni Asabar kawai nake zuwa. Ban tambaya ba. Mutumin da ya saba shi ke ba da amsa, yaushe zai tuna da tambaya?

Ina tsaye ta taho, hannunta a kan igiya, tana sauri ta riga kowa. Tun kafin ta kai ta tsaya, ta ɗaga hanci, warin magani ya buge ta. Kika yi tsalle kika riƙe hannunta kafin ya taɓa ganye. Ta ce ina suka tafi. Sau uku ta tambaya. Ke kuwa ni kika kalla, kika ce na ji ki ranar ko ban ji ba. Ni kuma, Allah ya isa tsakanina da bakin nan nawa, sai na ce a kwantar da hankali, zan kawo wasu da suka fi waɗannan. Kamar tukunya ce ta fashe a hannun mai saye! Na ga fuskarki ta rufe kamar furen da rana ta faɗi a kansa. Da feshin kaɗai ne, wataƙila da kin yafe. Na san maganar nan ce ta kore ni.

Sauran na ji a bakin mai gadi. An rufe lambun sati biyu, an tuge na'a-na'ar gaba ɗaya saboda yara suna kai ta baki, an ɗaga bikin buɗewa, kin tsaya gaban shugabar makaranta kin ɗauki laifin a kanki tunda ke kika kawo ni. Ke, da ko ƙudan zuma ba kya kora! Ya kuma ce kafinta ne ya sake cika akwatunan da sabuwar ƙasa, shi kaɗai. Allah ya saka masa. Ina yi masa addu'a kullum, haƙorana a cije.

Ya sanyin idona, kwana arba'in ke nan. Yayata, wadda ta riga ta fara kiranki ƙanwarta, ta daina tambayata labarinki, sai dai ta ajiye min abinci ta tsaya tana kallona kamar marar lafiya. Kasuwa tana ci, ni ba na jin ta. Mai saye zai taya, in ce ya ɗauka, ya tsaya yana mamaki ko wani abu ya same ni. Wane irin ciwo ne wannan da ba ya kwantar da mutum, ba ya kuma barinsa ya miƙe? Ke ce ruwan da nake ba dashena da safe, ke ce inuwar da nake ja su ciki da rana. Yanzu ga ni kamar dashen da aka cire daga tukunya aka manta ba a sa a ƙasa ba, saiwa a waje, ganye yana sunkuyawa kaɗan-kaɗan.

Amma ki ji abin da na yi, ba don ki yabe ni ba, na daina jiran yabo a bakin hanya. Tun ranar na rataye tulun feshi. Na ware dashen lemo goma a bayan rumfa na bar su haka nan. Sati biyu ba abin da ya zo. A na uku sai ga uwar tsutsotsin, malam-buɗe-littafi baƙa mai ɗigon rawaya, ta zaga ta zaga ta sauka ta yi ƙwai. Yau rumfata ita ce abin dariyar layi. Mai tukwane na kusa da ni yana kiran mutane su zo su ga mai dashen da ya koma kiwon tsutsa, yana tambaya ko nono suke bayarwa. Ganye duk huji, kuma ban juya ko ɗaya baya ba. Na koyi ƙirga su da ido a rufe. Na san warin fushinsu. Tara ne, ba goma sha ɗaya ba, kuma ba su fi waɗancan ba. Ba waɗancan ba ne. Wannan ma na koya.

Shida daga cikinsu sun daina ci tun ranar Talata, sun ɗaure kansu da zare a jikin reshe, sun ƙame kamar busasshen ganye. Wadda ta riga su yin haka, kwana goma sha biyu ta yi ta fito, ina gani, ta busar da fiffike ta tashi ta bar ni da baki buɗe, ba kowa kusa da zan ce wa duba. Ki ƙirga da kanki. Ba na roƙon ki mayar da ni kwamiti. Ba na ma roƙon ki dube ni. Ki bar yarinyar nan ta samu abin da kika yi mata alkawari, ta hannunki, ba sai ta san daga inda suka fito ba. In kuma bayan haka zuciyarki ta ga akwai sauran wuri, ko a kusurwa ne, kusa da ruɓaɓɓun itatuwa, ni na yarda, na ga masu zama a can ba a korarsu.

Ranar Litinin da safe zan turo tukwanen a baro in tsaya a bakin ƙofa. Na san a'a ɗinki a'a ce, na biya kuɗin karatun nan da tsada, ba zan ƙara tayi a kai ba. In kin ce in tafi zan tafi, in ci gaba da ba ɗoɗɗoyarki ruwa har ranar da za a ba ƙasata ruwa, ba kuma wata da za ta murza ganye a tafin nan bayanki.

Naki, jiya da yau da duk abin da ya rage,
Mai dashe na ƙarshen layi.

Af, na manta. Mai gadi ya nuna min umarnin da aka ba shi, na karanta da kyau, ni kaɗai aka hana shiga. Su tsutsotsin fa, su ma sai kwamiti ya zauna?