Ta'aziyyar Misbahu Mai Jita, da Bayani Kan Abin da Wayata Ta Aikata a Zauren Makoki

Cikin alhini, da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, da kuma kunyar da ni kakakinta na jawo mata da aljihuna, Ƙungiyar Masu Sauraron Jita ta Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar gwaninta, kuma dalilin kafa ta, Malam Misbahu Umar, wanda aka fi sani da Misbahu Mai Jita, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, inda ya bar mata ɗaya, Malama Ummusalma, da ɗiya ɗaya ƙarama, Rumaisa'u, da 'yan'uwa malamai masu yawan gaske. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya kamata a ce wannan takarda ta fito tun ranar da aka kai shi makwancinsa. Ta makara ne saboda wanda aka ɗora wa rubuta ta ya yi kwanaki ba ya iya ɗaga ido ya dubi mutane. Washegarin jana'iza mun je zaman makoki a zauren gidansu, ƙarƙashin jagorancin yayan marigayin, Fadilatus Shaikh Malam Jalaluddeen Umar, shugaban makarantar gidan, kuma ni na kutsa har sahun gaba domin a ga cewa ƙungiya ta zo. Shaikh ya ɗaga hannu, jama'a sun ɗaga, addu'a ta yi nisa, sai wayata ta ɗauki ƙara. Kuma cikin duk kiɗan da marigayin ya bari, wanda na zaɓa ya zama sautin kirana shi ne wanda yake kwaikwayon yayansa da jita: yadda yake gyaran murya kafin ya yi faɗa, da jan takalminsa, da tsakin da yake rufewa da shi. Babu mutum ɗaya a zauren da bai san kiɗan ba, har da mai gyaran muryar. Wayar tana cikin aljihun wando, wandon yana ƙarƙashin babbar riga, ina zaune a kanta. Da na samu na kai hannu, maimakon in kashe sai na ƙara mata murya. Wanda ya kira kuwa farashin buhun gero yake tambaya.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ni kaɗai na sha kunya, kuma na saba. Amma sautin ya shiga cikin gida. Rumaisa'u, wadda ba ta daɗe da iya haɗa magana ba, ta fito a guje ba takalmi, tana bin mazan da ke zaune ɗaya bayan ɗaya tana leƙa fuskokinsu, tana cewa, "Baba ya zo? Ina Baba?" Da ta gane daga jikina kiɗan yake fitowa, ta tsaya a gabana tana jira in fito mata da shi. Wata tsohuwa ce ta zo ta ɗauke ta tana zillo.

Ƙungiya tana so jama'a su san wanda aka rasa, tunda ba da daɗewa ba babu abin da zai rage da za a nuna. Marigayin ɗan gidan malamai ne, ya yi karatunsa daidai gwargwado, ya koyi ɗinki, sannan ya haɗu da jita ta katako marar lantarki a hannun wani direban babbar mota da ke sauke kaya a kasuwar hatsi, ya ba da kekensa na hawa ya karɓe ta. Babu wanda ya koya masa. Daga baya ya kai ga hannunsa na hagu yana gudu a wuyan jitar, na dama yana tsinkar tsirkiya kuma yana bugun cikinta kamar ƙwarya, har baƙon da ya ji daga bayan katanga yakan tambaya mutum nawa ne suke kiɗan. Ba ya yawan waƙa. Jitar ce ke magana, shi kuma ya haɗe fuska kamar ba ruwansa. Da ita yake yin kukan jirgin ƙasa yana shigowa tasha, har tsofaffi su juya su dubi layin dogo. Da ita yake yin cinikin Bafillatana da dillalin awaki, a ji tayi, a ji albarka, a ji ta tafi, a ji an kira ta ta dawo. Da ita yake yin babur ɗin ɗan kabu-kabu da mai ya ƙare masa a hanyar Kasuwar Daji. Ni kaina, da nake awon hatsi, ya yi mini kiɗa ya sa masa suna Tiyar Balarabe: kiɗan yana tafiya da daɗi, ana jiran ya cika, sai ya yanke shi saura kaɗan, ya miƙa hannu yana neman a biya shi cikakke. Na yi fushi na kwana biyu, daga nan na zama mai neman a maimaita.

Ya yi kiɗa a Shinkafi ranar kasuwa, ya yi a Zurmi a gidajen suna, ya yi wa mutanen ƙauyukan wajen Gurbin Bore da suka baro gonakinsu suka zauna a makarantu, a lokacin da hanya ta yi munin da ko direba sai ya yi alwala kafin ya tayar da mota. Na ga mutumin da aka kore masa shanu kaf yana dariya har yana riƙe haƙarƙari. Marigayin ya ce da shi, "Baba, yi a hankali, haƙarƙarin nan su kaɗai suka rage maka." Mutumin ya ƙara fashewa. Da wani ne ya faɗi haka, da an yi jini.

A nan ya wajaba ƙungiya ta miƙa godiyarta ga waɗanda suka taka rawa a ƙarshen rayuwarsa. Muna godiya ga Uban Ƙungiya, Alhaji Dogo Na'Allah, mai motocin haya, Garkuwan Masu Fasaha kamar yadda mu da kanmu muka naɗa shi, wanda ya yi alkawarin motar da za ta kai marigayin babban asibiti, Allah kuma ya ƙaddara wayarsa ta lalace tun daga ranar, ba ta gyaru ba sai ranar jana'iza, inda aka gan shi yana ɗaukar makara hoto da ita. Muna godiya ga masu tura kiɗa a rumfunan cajin waya, waɗanda suka yaɗa sunansa daga nan har bakin iyaka, suna karɓar na turi, ba tare da sun taɓa wahalar da shi da lissafi ba. Muna godiya ga 'yan ƙungiya, da ni a cikinsu, waɗanda da aka ce ana neman jini kowa ya tuna yana da basir. Muna kuma godiya ga gidansu mai albarka, wanda ya yi shekaru yana aje masa kwanon abincinsa dabam, ya hana jitarsa kwana a ƙarƙashin rufin gidan sai da ciwo ya kwantar da shi, amma da ya rasu ya shimfiɗa tabarmi har bakin titi domin karɓar gaisuwa. Allah ya saka wa kowa da gwargwadon abin da ya yi.

Bayan an ɗauke yarinyar daga zauren, Fadilatus Shaikh bai yi mini faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, cikin murya ƙasa-ƙasa, duk sanda aka kunna wanga abu ana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi a kabari, kuma duk mai cewa yana son Misbahu ya goge abin da ke wayarsa, wanda kuwa ya ƙi, to kada 'ya'yansa su sake taka makarantar gidan. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam Balarabe, tunda kai ne bakinsu, kai za ka tattara ka goge. Ka rantse?" Ni da na tsaya a izu biyar a allo, a boko kuma aji uku na sakandare ya kayar da ni, ba ni da abin da zan ja da mutumin da ya yi karatu har ƙasar waje. Sau ɗaya aka nemi in rantse, na rantse sau uku.

Ranar sadakar uku mun koma, an fito da dafa-duka a manyan farantai, mun ci. Na yaba wa masu girki, na nemi ƙari, aka ƙaro. Sai da muka dawo gida mai ɗakina Mero, wadda ta taya aikin abinci a cikin gidan, ta bari na zauna tukuna, sannan ta ce, "Baban Imrana, ka san da mi aka hura wutar shinkafar da ka nemi ƙari?" Da safiyar ranar an sa gatari an faskara jitar a tsakar gida, a gaban matarsa da take takaba, aka tura ta ƙarƙashin tukunya. Mero ta ce katakon ba shi da kauri, bai daɗe a wuta ba. Tsirkiyoyin kuma an ɗaure ƙyauren garken awaki da su. Ƙungiya tana sanar da membobinta da suka ci abincin nan, domin kada ni kaɗai in riƙa tunawa da shi duk sanda na ga shinkafa.

Saboda haka, a zaman da ta yi a rumfata, ƙungiya ta yanke shawarar cewa mamaci na danginsa ne, kuma ba za ta yi jayayya da malamai a kan abin da ke faruwa cikin kabari ba, tunda babu ɗan ƙungiyar da ya taɓa zuwa ya dawo. An tattara memori na wayoyin membobi, an bi rumfunan turi na garuruwan uku, an goge. Na goge jirgin ƙasa, na goge Bafillatana, na goge gyaran muryar Shaikh, na goge Tiyar Balarabe da yatsana. Alhaji Dogo shi ya fara miƙo nasa, yana cewa dama abin ya daɗe yana damunsa. Daga yau kuma ƙungiyar ta rushe, domin babu abin da ya rage mata ta saurara.

Sai dai ni, a kan kaina ba da sunan ƙungiya ba, ina sanar da Fadilatus Shaikh da duk wanda ya ji rantsuwata cewa ban cika ta ba. Akwai kiɗa ɗaya da marigayin ya yi ranar sunan ɗiyarsa, a rumfata, tunda a gida ba a yarda ba. Ba na barkwanci ba ne, a hankali yake tafiya, kuma a ƙarshensa ana jin muryarsa yana dariya yana kiran sunanta. Da na zo kansa Mero ta dafa wayar ta ce, "Yarinyar nan ko hotonsa an kwashe daga ɗakin. In ta girma ta ce mi ubanta ya iya, tsakin Malam za ka yi mata?" Na cire shi na aje inda na aje. Ba a gidan marigayin yake ba, Malama Ummusalma ba ta san da shi ba, kada kowa ya je ya tsare mai takaba da tambaya. Ba zan kunna shi ba, ba zan tura wa kowa ba. Na Rumaisa'u ne, ranar da ta yi hankalin da za ta nema da bakinta, ta ji, ta goge ko ta bari.

Na san abin da wannan zai jawo. Ɗana Imrana ya yi nisa a hadda a makarantar Shaikh, ya wuce ubansa tun yana ɗan ƙarami, kuma na riga na ce masa ya ɗauko allonsa ya dawo gida kafin a koro shi a gaban yara. Ranar bai ci abincin rana ba.

Muna roƙon Allah ya jiƙan Malam Misbahu Umar, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa dariyar da ya ba waɗanda suka rasa komai ta zama haske a gare shi. Allah ya ba Malama Ummusalma haƙuri da juriyar abin da ta gani da idonta, ya raya Rumaisa'u, ya ba Fadilatus Shaikh Malam Jalaluddeen da sauran dangi haƙurin rashin ɗan'uwan da yanzu suka samu damar yin alfahari da yawan mutanen jana'izarsa.

Game da rantsuwar da na karya, na je wurin Malam Mu'awiya, limamin masallacin kasuwa, na ce zan yi azumin kaffara. Ya dubi buhunan da ke bayana, ya dubi cikina, ya ce azumi na wanda ba shi da hali ne, ni miskinai goma zan ciyar, kuma da tiyar maƙwabcina za a auna. Ban ciyar ba tukuna, amma zan ciyar. Ɗayan nauyin ne Malam Mu'awiya ya ce ba shi da fatawarsa. In har gaskiya ne cewa kiɗan da na aje yana ƙara wa Misbahu wani abu a inda yake kwance, to ina roƙon Allah, a gaban duk wanda ya karanta wannan takarda, ya ɗauke masa ya ɗora mini. Shi ya gama nasa, ni ne na ƙi gogewa, kuma ni zan je in tarar da shi.

Sa hannu:
Balarabe Aliyu Mai Awo,
Kakakin Ƙungiyar Masu Sauraron Jita ta Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, har zuwa ranar rushewarta.