Ƙwai Tara da Jar Kazar Hajjo

Lahadi, 5 ga Nuwamba, 2023

Na sayi wanga littafi don in ajiye abin da na yi, tun da mutane mantuwa gare su. Ni ne Lawwali Isah na garin Isa. Ban gaji ko akuya ba. Na tura kurar ruwa ina ɗan makaranta, na bar karatu ga aji biyar, na koyi gyaran keke da idona, ba wanda ya kama mini hannu. Na sayi injin niƙa na gina mai ɗaki. Na gina gida ciki huɗu da bulo. Na yi aure da gumina. Ba ɗan siyasa, ba kawu.

Amma duk wannan wani na iya yi. Abin da ba wanda ya yi shi ne kajina. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na ga wata kaza mai tukku ga kwandon wani Bafillace a hanyar Kurawa, na saye ta. Tun daga nan nike zaɓe: jiki fari fat, tukku baƙi bisa kai kamar an yi naɗi. Wanda ya fito da ɗigo ko guntun tukku, tukunya. Yau ina da ashirin da shida, da babban zakarana Rawani. Daga Sabon Birni har Tozai, kajin Lawwali ake ce musu. Ban taɓa ba kowa mai rai ba, ko ƙwai guda. Wani babba ya aiko shina so, na yanka mai ɗaya, na aika da ita a fige.

Aibinsu dai ba su kwanci. Su zuba ƙwai su yi tafiyarsu. Shi ya sa na ajiye kajin gida biyu masu kwanta musu. Kuma bana tsaki uku sun fito da karkatattun yatsu, jinin ya yi kusa da yawa. Na gaya wa Is'haƙa, mai fataucin kaji zuwa Nijar, ya nemo mini baƙon zakara mai tukku.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

An kashe Labbo, mijin Yaya Hajjo. Shina yankan dawa ga gonarsa can bayan Turba mutanen daji sunka biyo bisa babura. An binne shi da gaggawa, ban samu zuwa ba, hanyar ba ta biyuwa. Ƙauyen ya watse.

Da la'asar Yaya ta iso, ƙafa duk ta fashe, ƙunshi ɗaya ga hannu, kwando bisa kai. Cikin kwandon kaji uku: wata ja, wata mai wake-wake, da tsohon zakara mai ido ɗaya. Habi matata ta rungume ta suna kuka. Allah ya sani na ji mutuwar Labbo, mutum ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ina yi mata ta'aziyya idona na bisa kwandon.

Na bar shi ya kwana ga zaure.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Na ce kajin ba su zama gidana. Kajin ƙauye ƙuma gare su, ciwo gare su, kuma mai ido ɗayan nan ya hau kazata guda aikin shekara goma sha ɗaya ya ɓaci. Na ce, Yaya, a yanka su a yi wa Labbo sadaka, ko a kai su bayan ɗakin inji.

Ta ce, "Lawwali, shanu sun tahi, rumbu ya ci wuta, Labbo shina ƙasa. Abin da nat tsira da shi ke nan. Jar nan shi da kainai yab ba ni ita."

Na ce ai ban ce a yar ba.

"To inda sunka kwana, nan za ni kwana."

Ta ɗauki kwandonta. Yanzu tana ɗan ɗakin ajiya na bayan inji, can ɗaya gefen gari, nan za ta yi takaba. Habi ta aje mini tuwo, ba ta ma zuba mini ruwan wanke hannu ba.

Talata, 14 ga Nuwamba

Wai na kori yayata saboda kaji. Ban kore ta ba. Na kai katifa, na sa an kewaye wurin da zana, Habi na kai abinci. Mai son yi mini wa'azi ya fara yin shekara goma sha ɗaya shina zaɓe tukuna.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Is'haƙa ya kawo zakara. Iyaka a rufe take, ta daji ya biyo, kwana uku zakaran na cikin kwando ɗaya da kajin kasuwa. Amma ka ga halitta! Tukkun har ya rufe mai ido.

Malam Fatihu, malamin dabbobi, ya taɓa ce mini baƙon kaza a ware shi sati biyu kafin a gama shi da na gida. Na duba ido, na buɗe baki, na ɗaga fiffike. Lafiya lau. Fatihu ga takarda ya san kaza, ni ga hannu na san ta. Na sake shi cikin garke. Rawani ya tarye shi, sun yi har jini, baƙon ya koma gindin bango.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Ƙwai tara na zaɓa, duk na Rawani, na sa musu alamar gawayi. Suna cikin ƙwarya da ƙaiƙayi ƙarƙashin gadon Habi. Jira nike masu kwanci su kwanta.

Talata, 21 ga Nuwamba

Baƙon bai ci ba. Gajiyar hanya ce.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Baƙon ya mutu. Masu kwancin nan biyu sun saki fiffike, kashi kore, suna buɗe baki suna jan numfashi. Na jiƙa gautan kura da ɓawon maɗaci, na daka barkono, na fasa jan kafso cikin ruwan sha.

Na tafi bayan inji, na tsaya daga waje na ce, Yaya, kin ga abin da kwandonki ya bar mini ga zaure. Ta leƙo ta bisa zana, ta rame, ta ce, "Kajina ko ƙofar akurkinka ba su gani ba. Ga su nan suna tono, ka ƙirga su."

Uku ne. Suna tono.

Amma ai sun kwana ga zaurena.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Bakwai sun mutu. Wuya ke murɗewa, kai ya koma baya, kaza na kallon sama tana zagaye har ta faɗi. Farin gashin duk ya ɓaci da ƙasa. Ban je inji ba.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Habi ta kira Malam Fatihu ba da sanina ba. Ya tsaya tsakar gida ya duba, ya ce, "Malam Lawwali, mi ya shigo gidan ga sabo?"

Na ce kajin Hajjo, sati biyu da sunka wuce.

"Suna ina yanzu?"

Na ce suna bayan inji.

"Da rai?"

Sai Habi daga madafa ta ce, "Maigida, gaya mai zakaran Is'haƙa." Shekara goma sha huɗu da aurenmu, ba ta taɓa sa mini baki gaban baƙo ba.

Fatihu bai yi dariya ba, gara ma ya yi. Ya ce wanga ciwo ba shi da magani in ya kama, rigakafi kawai gare shi, shi ma na ƙi bari a ɗiga musu bara. Ya ce in gina rami mai zurfi, in ƙone akurki, kada in taka inda wasu kaji suke da takalman nan. Na nuna mai ƙwan. Ya tambayi ranar da na tara su, ya ce ana iya dacewa, amma ba cikin gidan ga ba, kuma kada su ƙara kwana uku ba a sa su ba.

A sa su ƙarƙashin wa? Masu kwancin suna cikin rami.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Rawani ya mutu da hantsi, ga hannuna. Shi ne na ƙarshe da ya faɗi. Na gyara mai tukku kafin in sa shi rami, ban san dalili ba.

Tsakar gida shiru, har ina jin injin maƙwabta.

Habi tana wanke ƙwarya ta ce, kamar da bango take magana, jar kazar Yaya ta kwanta tun shekaranjiya bisa ƙwanta huɗu.

Talata, 28 ga Nuwamba

Na yi wanka, na canza tufa, na sa sabon silifa. Na shafe ƙwan da busasshen ƙyalle, na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu na ratsa gari zuwa wurin Yaya. Sau biyu ina juyawa.

Na yi sallama za ni shiga, ta ce, "Tsaya nan bakin zana. Kajin birni ciwo gare su."

Ɗakina, filina, zanata. Na tsaya.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dubi ƙwaryar, ta ce, "Ka san al'ada. In anka sa ƙwai ga kazar wani, mai kaza da rabin tsaki."

Na ce, Yaya, ni ban taɓa...

"Na sani. Kai ne mai aike wa manya da figaggiya. To koma ka soya su, Habi na da mai."

Na ce na yarda. Muryata ma ban gane ta ba.

Da rana ta faɗi ta shiga, ina hange ta ramin zana. Ta ɗaga jar kazar tana yi mata magana a hankali, ta fid da ƙwan kazar huɗu, ta jera nawa tara. Kaza ba ta iya rufe goma sha uku. Nata huɗun ta miƙo mini ta bisa zana, da ɗuminsu, ta ce a kai wa Habi ta dafa. Ban yi tunanin wannan ba sai da na ji su ga tafina. Jinin kazar Labbo ke nan.

Asabar, 2 ga Disamba

Na ƙone akurki. Da hannuna na gina shi, da hannuna na sa mai wuta.

Juma'a, 8 ga Disamba

Kullum da safe ni ke kai dusa da gero da ruwa, in aje bakin zana. Har yanzu ba ta bari na shiga ba. Yau ta naɗe takarda ta duba ƙwan ga hasken rana, ta ce uku ruwa ne, ta fid da su. Saura shida.

Na zauna ga turmi daga waje, tana ciki, mun yi hira, irin wadda ba mu yi ba tun ina yaro. Ta ce Mai Haƙuri Labbo ke ce wa jar, don ko kare ya zo ba ta tashi daga bisa ƙwai. Ranar da sunka gudu ma bisa kwanci ta ɗauke ta.

Sai ta ce, "Kazarka ta hwarko, ta Bahillace, ita ma ai ba ta kwanci. Wa ya kwanta mata?"

Na ce ban tuna ba.

"Baƙar kazar Inna. Tsaki bakwai. Ka kwashe su duka cikin kwali, Inna tac ce a bar ka, yaro ne mai zuciya."

Na tuna baƙar kazar. Har inda take kwanci na tuna, bayan randa. Inna ta rasu shekara shida ke nan.

Na dawo na buɗe shafin farko na littafin ga na karanta. Ban goge komai ba.

Alhamis, 14 ga Disamba

An ji harbi wajen gari da asuba, mutane sun yi ta gudu. Kafin in sa hula na iske kaina bayan inji. Tana zaune da tasbaha, jar tana kwance. Ta ce, "Ƙwai kaz zo dubawa ko ni?" Na ce duka hanya ɗaya ce.

Talata, 19 ga Disamba

Sun fara fasawa. Ina jin kukansu ta zana.

Laraba, 20 ga Disamba

Biyar. Ɗaya ya mutu cikin ɓawo. Ta sa na tuɓe silifa na wanke ƙafa da sabulu, sannan ta ce shigo. Na durƙusa. Farare, kowanne da ɗan tudu baƙi bisa kai, suna leƙowa daga ƙarƙashin jan fiffike. Ɗaya ya tsaya ya ɗaga kai kamar Rawani. Na miƙa hannu jar ta sare ni har jini. Hajjo ta yi dariya, ta farko tun zuwanta, sannan ta koma kuka. Na fita na ba ta wuri.

Juma'a, 22 ga Disamba

Fatihu ya zo ya ɗiga musu rigakafi ga ido. Na bar shi don Yaya ta matsa.

Biyar ba ta rabuwa biyu. Ta ce in ɗauki uku tun da ƙwan nawa ne. Na ce biyu nawa, biyu nata, na biyar ɗin na Inna ne, Yaya ce babba, ta riƙe shi. Ba kyauta na yi ba, al'ada ce, kuma an makara wajen ba Inna rabonta. Ban ma san wane ne zakara ba. In zakaran ya faɗa rabonta, to sai mu ga yadda za a yi. Ta ce in gari ya zauna ta koma ƙauye da su za ta tafi, duk wadda ta zo aron ƙwai ta ba ta. Na so in hana, na bari.

Duk suna can bayan inji sai sun yi ƙwari. Na ce da Habi ta gyara wa Yaya ɗakin kudu, in takaba ta ƙare. Ta ce da kajin? Na ce ta daina tambayar abin da ta sani.

Duk wanda littafin ga ya faɗa hannunsa, ina so a sani. Irin farar kaza mai baƙin tukku na ƙasar Gobir, Lawwali Isah na garin Isa ya kafa shi, shekara goma sha ɗaya shina zaɓe. A rubuta sunana, a rubuta shi daidai, kada wani ya zo baya ya ce shi ne.

Akwai sauran wuri ga takardar. A sa Hajjo matar Labbo, da jar kazarta Mai Haƙuri. A sa baƙar kazar Inna. Sunana dai shi ne bisa.