Ni na ɗinka hular, Inna za a tafa wa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar, don yadda zuciyata ke tafasa in na biye mata zan yi abin da ba ya gyaruwa.

Ni mai ɗinkin hula ce, a Jikwoyi nake zaune, ina kai wa wani Alhaji mai shago a kasuwar Gudu. Duk mai wannan sana'a ya san ciwon kan bayan hula, ka ƙirga zaren yadi ka jera gidajen zane, in ka zagayo sai ka tarar zare uku ko biyar sun yi saura, zanen ya ƙi haɗuwa, shi ya sa maza ke juya mahaɗin zuwa ƙeya. Abin ya daɗe yana ba ni haushi, sai na zauna na gano yadda zan raba ragowar a cikin gidajen tun daga farko, ɗaya nan ɗaya can, ido ba ya kamawa. Hulata duk inda ka juya ta gaba ne. Ba wanda ya koya min, yadi ya fi goma na ɓata kafin ta fito.

Yayana uwa ɗaya uba ɗaya malamin lissafi ne a jami'a, Dakta ake ce masa, kuma tun muna yara yake min dariya don sau biyu ina faɗuwa lissafi a jarrabawa. Bara sai ga shi a gidana da fara'a, ya yini yana tambayata yana rubutu, har da ɗaukar hannuna a waya. Ni sokuwa har tuwo na tuƙa masa, ina murna yau Yaya ya ga na iya wani abu.

Ashe akwai taron da ake yi duk shekara a wani otal a Maitama, masu lissafi da masu zane da saƙa su haɗu, kowa ya nuna lissafin da ke cikin aikin hannu. Can ya kai hulata. Ban sani ba sai da wani mutum ya zo shagon Alhaji da littafin taron yana neman irinta. Ga hoton hular, a ƙasa an rubuta wai aikin wata tsohuwa ce a ƙauye, gadon kaka da kakanni. Ni shekarata talatin da huɗu jama'a!

Na kira shi, ko kunya bai ji ba. Cewa ya yi, "Ke ba ki gane ba, mutanen nan tradition suke so, in na ce ƙanwata ce a Jikwoyi wa zai saurare ni?" Na ce to Yaya ko sunana ai ka sa, ya ce ni hannu kawai na sa, shi ya sa ƙwaƙwalwa. Na ce ƙwaƙwalwar ce ta yini a kan tabarmata tana cewa sake maimaitawa? Ya kashe wayar, wata bakwai ke nan ba ma gaisawa.

Yanzu masu taron sun ce bana ya zo da tsohuwar ranar Asabar ɗin nan a karrama ta. Kun san wa ya ɗauko? Innarmu. Matar da koko da ƙosai ta sayar ta raine mu, ba ta taɓa ɗinka hula ba. Ya taho da ita daga Zariya, ya ɗinka mata atamfa sabuwa. Wallahi na tsani abin da ya yi, shi ma kansa a yanzu ba na son ganinsa. Alhaji ya samo min katin shiga taron daga wurin mutumin nan mai littafi, ya ce in je da allura da yadi, in an zo tambayoyi in miƙe in ce a gwada mu. Na riga na goge kayan da zan sa.

To jiya da la'asar sai ga Inna ita kaɗai a ƙofata. Ta ce, "'Yar nan, nuna min yadda ake riƙe allurar, kar a ce in gwada in ba yayanki kunya." Na ce Inna ƙarya ce fa za a sa ki. Ta ce ta sani, amma ita tunda take ba a taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Na miƙa mata allurar, sau uku tana faɗuwa daga hannunta.

In na miƙe ranar Asabar Yaya zai sha kunyar da ya cancanta, amma Inna ce a tsaye kusa da shi. In na yi shiru aikina ya tafi har abada. Inna ta ce gobe za ta dawo mu ci gaba. In buɗe mata yadin in koya mata, ko in ɗauki katina?