Jan Birona Ya Yabi Abin Da Ban Karanta Ba

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yanke min hukunci kafin a ji ƙarshe, don ni ma na riga na tsani kaina.

Malamin Turanci ne ni a wata makarantar gwamnati a Bungudu, daga Gusau nake zuwa kullum. Ajina ya cika maƙil, idan na ba da rubutun insha'i littattafai sukan taru har su kai min gwiwa. Sai na ɗauki wata muguwar ɗabi'a: in buɗe littafi, in ga shafi ya cika, in ja jan biro in rubuta "Good", in wuce. Wa zai sani? Haka nake faɗa wa kaina.

Akwai wata ɗaliba daga Furfuri, zan kira ta Hajara, mai kunya, kullum tana bencin baya. Zangon da ya wuce ta faɗi jarrabawa warwas. Mahaifinta, dattijo manomi, ya zo da littafinta a hannu ya ce, "Malam, an gaya mani yabo kaka rubuta mata kullum. To mi yas sa taf faɗi?" Kunya ta rufe ni, na ce, "Baba, wasa ne ya yi mata yawa." Ya girgiza kai ya ce, "To ta zamna gida, ba ni aiko ta wasa." Ya tafi ya bar littafin a teburina.

Shekaranjiya na buɗe shi. Sau uku, cikin gurgun Turancinta, yarinyar nan ta rubuta min cewa idonta ba ya ganin allo, tana jin nauyin faɗa a gaban aji, in taimaka in maido ta gaba. Na ƙarshen ma cewa ta yi, "Malam, ko kana karantawa?" A ƙarƙashinsa ga jan birona da yabona. Wane irin malami ne ni?

Idan na je Furfuri na faɗi gaskiya, magana za ta kai ga shugaban makaranta, aikina na iya tafiya, ga iyali. Idan na yi shiru, Hajara ta bar karatu ke nan da sunan mai wasa, sunan da ni na laƙaba mata. Ranar Litinin ake komawa makaranta, kuma mahaifinta bai iya karanta littafin ba, ban da ita ni kaɗai na san abin da ke ciki.

Jama'a, me zan yi?