Facin da Lyonga Ya Bari

Litinin, 4 ga Maris

Gari a rufe kamar kowace Litinin tun da aka fara rikici a yankinmu, ba tasi, ba kanti. Kwana tara da binne mijina Lyonga. Iya Nalova, mahaifiyarsa, ta ce ba za ta koma ƙauye ba sai ta ga ina cin abinci. To, za ta daɗe a Buea.

Na buɗe kwamfutarsa don in nemo hoton da 'yan coci ke so. Kalmar sirrin tana nan yadda take tun muna ɗalibai. Imel ɗari uku da wani abu. Bakwai daga na'urar gwaji ta aikin rumbun bayanan nan nasa, duk magana ɗaya: facinka ya daina hawa kan uwar manhaja, a sabunta shi. Ita kaɗai ce cikin wata guda ba ta ce mini in yi haƙuri ba.

Na manta da hoton.

Talata, 5 ga Maris

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda kaina yanzu ba ya riƙe komai.

Rumbun na kowa ne. Mutane daga ƙasashe barkatai ke gyara shi ta zauren wasiƙu na intanet: ka aika faci, wato gyaran da ka rubuta, a duba, a yi ta sukarka, in ka tsira sai ɗaya daga masu mabuɗi ya shigar da shi. Shekara tara Lyonga yana aika ƙananan gyare-gyare bayan ya taso daga ofis. Wannan ne babbansa na farko.

Ni na jawo masa. A asibitin da nake kula wa da rumbun bayanai, duk ranar da na sauya fasalin babban teburin bayanan marasa lafiya alhali ana rubutu a cikinsa, sai ayyuka biyu su riƙe wa juna kulle, komai ya tsaya cik, nas-nas a tsaye da katin marasa lafiya a hannu. Na yi masa mita muna cin abinci. Ya ce, "Ba ni sati biyu." Wata goma sha huɗu kenan, siga goma sha ɗaya.

Ranar 31 ga wata ake rufe ƙofar karɓar faci ta bana. Facin da mai shi ya yi shiru, mayar masa da shi ake yi, ya jira baɗi. Wannan kuwa ba wanda za a mayar wa.

Laraba, 6 ga Maris

Na sabunta shi, awa uku. Na aika daga akwatinsa: "Ga siga ta 12. L." A ƙasa na ƙara, "Ba ruwa tukuna a Buea," don haka yake rufe kowace wasiƙa, da labarin sama. Ban ma leƙa waje ba.

Ban zauna na shirya yin haka ba. A zauren kuwa ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Alhamis, 7 ga Maris

Iya ta dafa kwakoko, alalar gwaza irin ta nan. Loma biyu, don ta ƙyale ni.

Juma'a, 8 ga Maris

Bogumil ya amsa. Tsohon nan mai mabuɗi da ke Poland, wanda facin ke hannunsa. Lyonga na kiransa Baban Gardama, yakan karanta mini wasiƙunsa da muryar tsofaffi har in ƙware da dariya.

"Lyonga, wata guda ka ɓace, na ɗauka ka ga gaskiya ka gudu. Gajerar hanyar nan taka tana nan daram. Wata rana za ta cinye wa wani bawan Allah layin bayanansa. Cire ta. Nan ƙanƙara na narkewa, ko'ina caɓi."

Gajerar hanyar layi sittin ce na rubutun manhaja, inda facin ke sakin kulle da wuri don aiki ya yi sauri. Tun bara suke faɗa a kanta.

Na karanta "ka ɓace" sau uku. Ban ji komai ba. Na wanke kofi.

Litinin, 11 ga Maris

Na mayar masa da martani da hujjojin Lyonga. Na haddace su, sau nawa na sha su a wurin wanke-wanke. Har da rashin kunyarsa na sa: "Ka kawo gwajin da ya faɗi, ba tsoron tsufa ba." Da na sake karantawa sai na ji kamar yana ɗaki na gaba.

Alhamis, 14 ga Maris

Na koma aiki. Kowa na magana da ni a hankali kamar mai ciwon kunne.

Banda Mola Ngale, abokin Lyonga, wanda ke kula da na'urorin asibitin. Shi ma yana karanta zauren, na sha'afa da haka. Ya rufe ƙofar ofis.

"Matarmu, wa ke aika faci da sunan abokina? Wallahi da na gani sai da gashin jikina ya tashi."

Na ce ni ce.

"Ke! Kanki ɗaya kuwa? Mutanen nan ba su da komai sai yarda da suna. In suka gano, da ke da facin za su watsar."

Na ce saura kwana goma sha bakwai.

"To ki gaya musu mana. Ki ce ya..." Bai ƙarasa ba. Ni ma ban taya shi ba.

Asabar, 16 ga Maris

Ruwan farko. Iya ta jera bokitai a bakin kwano.

"'Yata, da wa kike hira a akwatin nan kullum?"

Da abokan aikinsa, Iya.

"Sun sani?"

Na ce sun sani. Ta dube ni, ta ci gaba da tsinke ganyen eru na miya.

Talata, 19 ga Maris

Siga ta 13, sabuntawa kawai. Bogumil ya aiko da gwaji: a yi ta rubutu a tebur, a sauya fasalinsa, a kashe rumbun farat ɗaya kamar an ɗauke wuta, a tayar, a duba ko komai na nan. "Sau dubu hamsin. In ba abin da ya ɓace, zan yi shiru, ka san kuwa abin da hakan zai ci mini."

Na kunna shi a tsohuwar na'urar ofis. Don in rufe masa baki ne kawai.

Alhamis, 21 ga Maris

A zagaye na dubu arba'in da ɗaya da wani abu, layi ɗaya ya ɓace.

Na ce na'urar ce ta tsufa. Na sake a ta Ngale. Kafin a tashi aiki ya sake ɓacewa. A teburinmu layi ɗaya mutum ne: sunansa, rukunin jininsa, maganin da jikinsa ba ya so.

Da na dawo gida na buɗe kwafin Lyonga na kansa, wanda bai aika wa kowa ba, ko zan ga wata dabara. A saman layi sittin ɗin ya bar wa kansa rubutu: "Wurin nan bai kwanta mini ba. In na dawo daga Douala zan sake dubawa." Ranar 8 ga Fabrairu. Washegari motarsu ta kife a hanyar Tiko.

Ashe ya sani. Ya sani, ya bar ni ina ta zuba wa tsoho rashin kunya da bakinsa.

Na ce, "Mai taurin kan tsiya," da ƙarfi. Iya ta leƙo daga kicin. Maganar farko kenan da na yi masa tun da aka kira ni daga asibitin Tiko.

Juma'a, 22 ga Maris

Ban taɓa komai ba.

Asabar, 23 ga Maris

Na zaɓe layukan, na ɗora yatsa kan maɓallin gogewa, na ɗauke. Sau nawa, ban sani ba. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ya rubuta ranar da ya ƙona mini tukunyar wake, akwai na ranar da muka yi faɗa kan labule. Sauran facin duk an sha gyara shi da shawarar wannan da wancan. Nan ne kaɗai nasa zalla, kuma nan ne ke cin mutane.

In na bar su, ba za a shigar ba. In ma an shigar, ban so.

Litinin, 25 ga Maris

Gari a rufe, wuta ta zauna. Na goge. Ba a ji ƙarar komai ba.

Na rubuta nawa, layi casa'in. Yana riƙe kullen har sai rubutu ya sauka lafiya. Ya ɗan fi nasa nauyi. Da Lyonga na nan da ya ce na sa wa keke birkin tirela. Gwajin na ta juyawa, shiru, ba abin da ya ɓace.

Na aika: "Ga siga ta 14. Ka yi gaskiya, na cire. Na gode da haƙurinka. Ana ruwa a Buea. L."

Talata, 26 ga Maris

Ba ta zaure ya amso ba, kai tsaye ya rubuto.

"Shekara tara ina faɗa da Lyonga. Bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba, balle ya gode. Sabon rubutun nan ma ba hannunsa ba ne, ya fi nasa tsabta. Ba na shigar da abin da ban san wanda ya rubuta shi ba. Wane ne kai?"

Bai faɗi labarin sama ba.

Wato ladabina ne ya tona ni. Uwata ce ta jawo, da ta hore ni da godiya.

Laraba, 27 ga Maris

Na nuna wa Ngale. Bai ce ai na gaya miki ba, ya dai sosa ƙeya. "Matarmu, saura kwana huɗu. Ko ki faɗa, ko ki yi shiru a mayar da shi. Ƙarya ta uku dai babu."

A gida Iya ta ajiye mini kwano, ta zauna tana kallona. Can ta ce, "Ni na haife shi, amma na faɗa da bakina a gaban mutane. Ba ya ƙara mutuwa don an faɗa."

Ban san ta san ƙarya nake yi ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Daga akwatina, zuwa zaure gaba ɗaya:

"Sunana Enanga Mokake, matar Lyonga. Ya rasu ranar 9 ga Fabrairu. Siga ta 12 zuwa ta 14 ni na aiko da sunansa, ban kyauta ba. Layi casa'in na ƙarshe nawa ne, sauran nasa ne, ku yi abin da ya dace."

Sanarwar jana'iza Ngale ne ya rubuta, takardun ofis ƙanin Lyonga ya cike. Yau ne hannuna ya fara rubuta kalmar. Haruffa huɗu ne. Na daɗe ina kallonsu kafin in aika.

Juma'a, 29 ga Maris

Juma'a Mai Tsarki. Na raka Iya coci, na tashi da aka tashi, na zauna da aka zauna.

Wasiƙu ashirin da shida. Wata mata daga Brazil ta ce Lyonga ne ya duba mata facinta na farko, ya yi mata kaca-kaca, sannan ya zauna ya koya mata. Ban san da wannan ba. Wani kuma ya ce yana ta'aziyya, amma an karya ƙa'ida, a ɗage facin zuwa baɗi a sake dubawa daga tushe. Gaskiyarsa. Mutum uku sun goyi bayansa.

Bogumil shiru.

Asabar, 30 ga Maris

Shiru.

Lahadi, 31 ga Maris

Ista. Bayan an dawo coci gidan ya cika da dangi da ƙamshin gasasshen kifi. Na shige ɗaki.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna sanarwar ta zo: an shigar. A ƙasan bayanin: "Marubuta, Lyonga Mokake da Enanga Mokake." Ga masu cewa a ɗage, Bogumil ya ba su layi ɗaya, cewa shi ya duba daga tushe, wanda ke da gwajin da ya faɗi ya kawo.

Sai tasa, gare ni ni kaɗai: "Tun Alhamis nake juya gwajin, sau dubu ɗari biyu, ba abin da ya ɓace. Kada ki ƙara aiko da komai da sunan wani. Na yi shekara tara ina shirin gaya masa ya iya aiki, ina jira ya fara yarda ya yi kuskure. Ana ruwa a Buea?"

Na rufe kwamfutar. Na fita na taya su raba kifi.

Talata, 2 ga Afrilu

Na'urar gwaji ta daina rubuto wa Lyonga. Na kashe kwamfutarsa na sa a durowa, tawa ta ishe ni.

Na cinye kwakokon rana, ban lura ba sai da na ga kwano. Iya ta ɗauke shi. Ɗazu na ji tana tambayar maƙwabciya motar ƙauye ta ranar Asabar.

Na sake karanta layukana casa'in. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe da saƙon kuskure ke faɗin sunan teburin da ba shi ba. Ba ya cin kowa, amma Baban Gardama ya bar shi ya wuce, shi da gwajinsa dubu ɗari biyu.

Tambayarsa kuma tana nan tun Lahadi. Na fara rubuta amsa da ka, yadda na saba, sai na tashi na buɗe ƙofa don in gani. Ana yi, siriri, dutsen da ke saman gari ya ɓace cikin hazo. Na tsaya fiye da yadda dubawa ke bukata.

Na rubuta: "Ana yi. Kuma tsufa ya sa ka tsallake kuskure a layi na 212 na fayil ɗin, ga faci. E."

Na duba akwati sau huɗu tun ɗazu. Ba wani abu ba ne, ina so in ga abin da zai ce ne kawai.